Kilo biyu cikin kwana biyu: kitse ne ko ruwa?

Wata Litinin da safe wata baiwar Allah ta shigo ɗakin awo ranta a ɓace. Sati uku ke nan da ta bar lemon kwalba, ta rage tuwon dare. Ranar Asabar ta bi ƙawayenta motsa jiki wajen filin wasa na Karkanda da ke Katsina, suka yi gudu har ƙafa ta fara rawa. Tana komawa gida ta hau sikeli, ta ga kilo ɗaya da rabi ya tafi, har ta kira ƙanwarta ta yi mata albishir. Yau kuma ga shi ta haura inda take kafin Asabar ɗin.

"Malama, ni ko iska na shaƙa ƙiba take zama," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, yaya cinyoyinki?" Ta ce da ƙyar ta yi ruku'u a sallar Asuba. Nan amsar take.

Abin da ya tafi ranar Asabar zufa ce. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma a zafin Katsina na Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, mai gudu kan zubar da lita ɗaya ko fiye cikin awa guda. Kitse ba ya narkewa haka. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci) wajen 7,700, alhali tafiyar awa ɗaya da sauri ba ta cin fiye da kamar 300. To haka ma ba ya taruwa cikin kwana biyu, ko biki aka je.

Hauhawar kuwa daga tsoka take. Idan aka ba ta aikin da ba ta saba ba, sai ta yi 'yan ƙananan tsagewa da ido ba ya gani, jiki ya tura ruwa wurin don gyara. Shi ne tsamin jikin nan da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Sannan tsoka da hanta suna da rumbun sukari, wanda ake kira gilaikojin, kusan rabin kilo a jikin babba. Gudu da rage ci suna kwashe shi. Da an ci shinkafa ko an sha fura sai rumbun ya cika, kuma kowane giram ɗaya yana jawo ruwa giram uku. A ƙara da miya mai dunƙule da yawa, ko tsire da yaji da daddare, gishiri ya sake riƙe nasa. Ga mata kuma, kusantowar al'ada kaɗai ta isa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne matakin da ake ɗauka bayan an tsorata. Wata ta daina cin abinci gaba ɗaya, wani ya ɗaura leda a ciki ya fita gudu da rana tsaka, wasu su koma shayin rage ƙiba, wanda galibinsa zawo da fitsari yake sawa, aikin filasko dai. Sikeli zai sauka, amma ƙoda ce ke biyan kuɗin.

Hajiya dai na ce ta riƙa awo da safe bayan ta zaga, kafin karin kumallo, a sikeli ɗaya, ta kwatanta sati da sati. Ta sha ruwa sosai, ta ci wake ko ƙwai ko kifi, ta huta kwana biyu.

Amma wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan motsa jiki mai tsanani, ga ciwon tsoka da kasala, kada ya kwana a gida, ya tafi asibiti. Haka wanda nauyinsa ke hawa tare da kumburin ƙafa ko haki in ya kwanta. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke kan magani kuma, ya fara ganin likitansa kafin ya haɗa rage ci da gudu.