Inobasiyon sosiyal: kalmar da ta cika rediyo, da ramukan da Kawu ya gina a fako

Ran Laraba da hantsi ina zaune wurin mai shayi kusa da tasha a nan Tawa, rediyonsa rataye a jikin rumfa, ana maimaita labarai da Hausa. An ɗauko jawabin wani babba da ya buɗe taro a Yamai. Cikin minti uku mai fassara ya ci karo da kalma guda sau uku, ya kuma ba ta ma'ana uku. Da farko ya ce “ƙirƙire-ƙirƙiren zamani”. Da ta dawo ya ce “tallafi ga mabuƙata”. A karo na uku, da alama ya gaji, sai ya ce “sabbin dabaru a shafukan sada zumunta”. Mai shayi ya dakata da kaɗa madara ya dube ni: “Malam, wanga abu da aka ta hwaɗi, rabon shinkahwa na, ko ko salula za a ba mu?”

Kalmar ita ce inobasiyon sosiyal. Yanzu ba ƙyallen taron da za ka gani rataye a ƙofar otel babu ita, kamar yadda “reziliyans”, wato juriya, ta yi tashenta ƴan shekarun baya. Daga waje ta zo mana. Tun 2009 Obama ya buɗe ofishi mai wannan suna a fadar shugaban Amurka, masu ba da kuɗin furoje suka ɗauka, mu kuma duk abin da mai kuɗin furoje ya furta, washegari ya zama karin maganarmu.

Ban ga laifin mai fassarar sosai ba, don kowane rabi na kalmar tarko ne. Inobasiyon daga Latin take, daga novus, wato sabo. Kalmar da ta fi kusa da ita a bakinmu ita ce bidi'a, kuma kun san da ya kuskura ya ce “gwamnati za ta tallafa wa bidi'a”, da huɗubar Juma'a ta samu abin magana. Abin dariyar shi ne su ma Turawa haka suka daɗe suna kallonta. A 1548 an yi shela da sunan Sarkin Ingila Edward na 6 ana gargaɗin masu “inobasiyon”, wato masu shigo da sabbin abubuwa cikin ibadar coci. Zagi ce a lokacin. Sai daga baya injuna da masana'antu suka wanke ta, har ta zama abin da ake ba mutum lambar yabo a kansa.

Rabi na biyu shi ya fi ɓata min rai. Sosiyal daga socius take, abokin tafiya, mu ce wanda kuke sa hannu a ƙwarya ɗaya. Amma a Faransancin titinmu, in an ce wane “yana yin sosiyal”, ana nufin yana rabon buhun hatsi da azumi ko ya biya wa wani takardar magani. Shi ya sa da an ji kalmar sai a miƙa hannu. Samari kuma da sun ji ta sai hankalinsu ya tafi Facebook da WhatsApp. To rabon shinkafa alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba sabo ba ne, kuma in buhun ya ƙare maganar ta ƙare. Manhajar waya kuwa kayan aiki ce kamar fartanya. Ba na raina yaran da ke zaune da kwamfuta a CIPMEN, wurin renon ƙananan kamfanoni da aka buɗe a Yamai a 2014. Wasunsu na aikin kirki. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai da allon waya dabara ke zama dabara.

In za a bar ni in fassara, zan ce: sabon tsari ne da mutane suka shimfiɗa a tsakaninsu don maganin abin da ya dame su tare, abin da kasuwa ba ta ga riba a ciki ba, hannun hukuma kuma bai kai ba, tsarin kuma ya zauna da ƙafarsa har wasu suka gani suka ɗauka. A taƙaice, sabuwar dabarar zaman jama'a. Kuma mu mutanen Adar ba mu da hujjar cewa baƙuwa ce, don ɗaya daga cikin misalanta da duniya ta fi ambata a gonakinmu take.

A 1989 wani furoje na gwamnati da kuɗin FIDA, asusun bunƙasa noma na duniya, ya ɗauki manoma 13 daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga abin da Mosawa ke kira zai, ramukan shuka da manoma irin su Yacouba Sawadogo suka faɗaɗa suka riƙa zuba wa taki. Mu ma muna da irinsa tun kakanni, tassa, sai dai ƙanana ne kuma an kusa mantawa da su. Da suka dawo, wasunsu suka gwada a kan hekta 4. A 1990 ya kai hekta 70. Shekarar ta zo da fari, kuma gonakin tassa ne suka ba da abin kirki, na gefensu suka ƙone. Daga nan ba wanda ya sake buƙatar wa'azi. Kafin shekara goma ta cika ana lissafin dubban hekta na fako da suka koma gona.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, ba ya cikin waɗanda suka je. A gonar maƙwabci ya gani, a ƙauyenmu tsakanin Badagishiri da Illela. Ina yaro lokacin, ni ke ɗaukar masa taki a tsohon buhu. Wanda bai san fako ba ba zai gane ba: ƙasa ce ja, mai sulɓi kamar daɓen ɗaki, in ruwa ya sauka sai ya zarce kwari ko ɗigo bai shiga ba. Cikin zafin bazara Kawu zai ɗaga diga ya sara, ƙarfen ya yi ƙara kamar an bugi maƙera. Rami faɗinsa kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa ya ɗan gaza haka, ƙasar da ya fitar ya tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. Ni kuma in zuba taki cikin tafin hannu biyu. Daga rami zuwa rami taku ɗaya na babban mutum. Haka har rana ta take, hannunsa duk kanta. Masu wucewa a kan jaki suna cewa yana gina wa hatsi kabari. Shi kuwa in na yi ƙorafi sai ya ce, “Zuba dai, yaro. Gara za ta ida muna aikin.” Kuma gaskiyarsa: gara ke bin takin, ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan farko ya samu inda zai nutse. A kaka sai ga damman hatsi a wurin da ko tunkiya ba ta tsayawa kiwo.

Ga inda masu taro ke kuskure. Su ramin suke ɗauka hoto. Amma rami fasahar noma ce kawai. Abin da ya sa ta zama ta “sosiyal” shi ne abin da ya biyo baya tsakanin mutane. Fako da ake bayarwa kyauta ya samu farashi, aka fara saye da sayarwa, aka fara neman shaidu. Samari suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya suna ginar tassa da rani a biya su, wasu har suka ɗaga tafiya Abijan. Kashin shanu ya zama abin ciniki, manomi ya koma lallashin Bafulatani ya kwana da garkensa a gona. Gayya ta samu sabon aiki. Ba duka ne alheri ba, in faɗi gaskiya: masu hali sun sayi fako da arha daga hannun waɗanda yunwa ta matsa, kuma matan da suka fi kowa ɗaukar taki a ka ba kasafai sunansu ke kan gonar ba. Ita ma wannan dabarar jama'a ce, tana da waɗanda ta ɗaga da waɗanda ta taka.

To me hukuma ta yi a nan? Ta biya kuɗin mota. Ta kai manomi wurin manomi, ta taimaka da kayan aiki da horo, ta ja baya. Kafin nan an sha kawo manyan injuna su tara ganuwar ƙasa a gonaki, in furoje ya naɗe tabarmarsa ba mai gyara inda ruwa ya fasa, don ba wanda ya ɗauke ta tasa. Ban ce babban aiki ba shi da amfani ba. Wanda ya san Keita kafin furojen da Italiya ta fara ba kuɗinsa a 1984 ya san tuddan sun canza kama. Amma in aka auna jika da jika, ban san kuɗin da ya haihu kamar kuɗin motar nan ta Yatenga ba.

Misalin da ya fi wannan nuna aikin doka shi ne na itace. A ƙarƙashin dokar daji ta 1974, itatuwa irin su gawo na cikin kariyar hukuma ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Niyyar kare daji ce, amma manomi ba wawa ba ne: itacen da ba nasa ba, wanda zai jawo masa tara, gara ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Dokar kare itace ta zama dokar kashe shi. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi ya lura cewa kututturan da ke gonaki da ransu, in aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bari aka datse sauran sai su tashi su zama itace. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Amma bai bazu da gaske ba sai da mutane suka fara jin itacen nasu ne. Wani ɓangare na wannan, in ba a manta ba, talaucin gwamnati ne ya kawo shi: shekarun da baitulmali ya bushe, sintirin gandun daji ya ragu, manomi ya samu sararin numfashi. Doka ta biyo baya a hankali, da Kod rural na 1993, wato kundin dokokin karkara, da kwamitocinsa na filaye, da sabuwar dokar daji ta 2004, sannan a watan Yulin 2020 aka sa hannu kan dokar da ta tsara sassaben zamani ta kuma amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Babu ma'aikatar da ta dasa su. A 2018 Rinaudo da Sawadogo duk sun karɓi lambar Right Livelihood a Suwidin.

Mata Masu Dubara ma haka: ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da su a Maraɗi a 1991, adashen da muka sani ne aka ƙara masa akwati mai kwaɗo uku da rance da rabon riba, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Ko sunan kaɗai ya isa fassarar da mai rediyo ke nema.

Shi ya sa in na ji an ce gwamnati za ta “kawo” inobasiyon sosiyal sai in ji wani iri. Ba a kawo ta a mota kamar takin zamani. Abin da ke hannun hukuma shi ne ta duba wace doka ce ke tsaye a kan hanya ta ɗauke ta, ta tabbatar wa mutum abin da ya rena nasa ne, ta sauƙaƙa takardun rajistar ƙungiya don kada matan ƙauye su yi sawu biyar zuwa gari a kan hatimi ɗaya, ta sayi abincin kantin ƴan makaranta daga hannun ƙungiyoyin manoma na kusa. Sai kuma abu mafi wuya ga ma'aikaci: ta yarda a gwada abu ya ƙi, ba tare da an nemi wanda za a hukunta ba. Wannan na ƙarshen ban cika ganinsa ba.

Bara an gayyace ni wani taro a kan wannan kalma, kwana uku a ɗaki mai sanyi. An yi gasa, aka ba wani yaro kyautar kuɗi don manhajar da za ta gaya wa manomi ranar shuka. Na tambaya ko an gwada ta a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo. Aka ce lokaci ya ƙure, a tafi shan kofi. Kuɗin zaman da aka raba mana a ambulan ya isa a cika mota biyu da manoman Buza a kai su Illela su kwana uku. Na karɓi nawa, ba zan ɓoye ba.

Da na je gida da salla na tarar da Kawu a gindin gawon da ya rena da hannunsa, yanzu ya tsufa, diga ta koma hannun jikoki. Na ce masa, “Kawu, ka san abin da kuka yi a fakon nan yanzu suna ne da shi a Yamai? Har taro ake a kansa.” Na faɗa masa sunan. Ya sa na maimaita sau biyu, ya gwada, harshensa ya ƙi. Na tambaye shi ko ya ji labarin dokar 2020 da ta ce gawon nan nasa ne. Bai taɓa ji ba. Ba wanda ya zo ya karanta musu ita da Hausa, kuma har yau in zai sassabe reshe sai ya waiga.

Ya yi shiru yana kallon gonar, sannan ya ce, “To, ɗana, in ka koma wurin taron naku, ka tambaye su ko abin nan ya haɗa da amalanke. Takin na nan jibge bayan gida, mai kai shi gona muka rasa.”