Jakar bolar roba

Jakar bolar roba jaka ce da ake yi da robar da aka gama amfani da ita aka yar, ko dai an tsinto ta a bakin teku, ko an tare ta a kwata da rafi tun ruwa bai kai ta can ba. Akwai ta hannu, akwai ta ratayawa, akwai ta goyo irin ta 'yan makaranta, har da 'yar ƙarama ta zuba kuɗi. A zangunan Akra da Kumasi abin da Hausawan Najeriya ke ce wa leda galibi roba ake ce masa, to a nan za a ga kalmomin biyu, leda ga mai laushi, roba kuma ga dukkansu.

Sana'o'i biyu ne daban ke tafiya da wannan suna ɗaya, kuma mutane kan haɗa su. Ta farko ɗinki ce, a wanke ledar a ɗinka ta yadda take da rubutun kamfanin a jikinta, ita ce aka fi sani a Akra. Ta biyu narkarwa ce, a mai da gorar roba ko tsohuwar komar kamun kifi zare a saƙa yadi, wannan kuwa aikin manyan masana'antu ne kuma mafi yawansu a Asiya da Turai suke.

Kafin roba

Jaka ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, aikin dukawa ne tun kaka da kakanni. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro, waɗanda jikokinsu da yawa ne suka zauna zangunan Kumasi da Akra, da kayan fata suka zo: taiki na zuba kaya a bayan jaki, burgami na fatar akuya, gafaka ta sa Alƙur'ani, zabira, da salka ta ruwa. Goron kansa da ganye ake naɗe shi. Abinci ma haka, wake da shinkafar da mutanen Gana ke kira waakye a faffaɗan ganye ake zuba shi, kuma har yau akwai masu ci da ke rantsuwa cewa na ganye ya fi na leda daɗi, gaskiya ba su yi ƙarya ba. Duk waɗannan in sun tsufa ƙasa ke cinye su, ba a taɓa jin tsohon burgami ya toshe kwata ba.

Ita robar da ake yin leda da ita, wato foliyetilin, a 1933 aka gano ta a kamfanin ICI na Ingila, kuma bisa kuskure ne ma wajen wani gwaji. Ledar cefane mai hannu biyu wani injiniya ɗan Suwidin Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965. Gorar roba ta lemo da ruwa, wadda ake kira PET, a 1973 Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya samu rajistarta a Amurka. Abin lura shi ne PET ɗin nan da yadin foliyesta abu ɗaya ne, yadin ma ya riga gorar zuwa duniya tun 1941, shi ya sa mai da gora yadi bai zama wani abin al'ajabi ba, komawa gida ne kawai.

Jakar roba da ta fi kowace suna a yankinmu dai ba ta bola ba ce, ita ce Gana-mas-go, mai zanen ɗaki-ɗaki ja da shuɗi, wadda ta samu sunan a 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Najeriya, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Tsofaffin unguwar Nima a Akra da Aboabo a Kumasi ba sa bukatar a ba su wannan labarin.

Zuwan piya wata

A da a tasha da kasuwa ruwa a bokiti ko kula ake sayar da shi, kofi ɗaya kowa ya kafa baki. Daga baya aka koma ƙulla ruwan sanyi a farar leda da hannu. Wajen ƙarshen shekarun 1990, wasu na cewa kafin nan da kaɗan, injinan da ke cika leda su liƙe ta da zafi suka bazu, aka samu piya wata mai rabin lita, a Gana ƙunshi ɗaya guda 30 ke ciki. Abin ya karɓu saboda famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, kuma ko a inda yake kawowa mutane da yawa ba su yarda su sha ba. Sai ga ledar askirim da yogot na FanIce da FanYogo, ga ta koko da ƙosai da safe, ga baƙar leda da mai tumatir zai ninka maka biyu ko ba ka roƙa ba. Ruwan minti ɗaya ake shanye shi, ledar kuwa ta zauna shekaru.

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne Gana na tara bolar roba wajen tan miliyan ɗaya a shekara, wasu rahotanni na kawo ƙasa da haka, kuma abin da ake sake sarrafawa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Daga kwata zuwa teku

Ledar da aka yar a Nima ko Mamobi ba ta da nisa da teku ko da mai yar da ita bai taɓa zuwa bakin ruwa ba. Ruwan sama ya wanke ta zuwa babbar kwatar Nima, kwatar ta miƙa ta ga rafin Odaw, Odaw ya bi ta Sakul, wato Kwame Nkrumah Circle, da Agbogbloshie ya zuba a tafkin Korle, Korle kuma ya buɗe baki cikin teku tsakanin Jamestown da Korle Gonno. Masunta a Jamestown da Chorkor kan ja koma su tarar da leda cakuɗe da kifi, sai an zauna an tsince. Bakin tekun kuma ba leda kaɗai ba, har da tsummokaran gwanjon da ba su sayu ba a kasuwar Kantamanto, waɗanda ke nannaɗewa su zama kamar igiya a cikin yashi.

Wadda ba ta kai teku ba kuma ta tsaya ta toshe hanya. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke Kwame Nkrumah Circle, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An lissafa dalilai da yawa, gine-gine a kan hanyar ruwa da ƙarancin magudanai, amma kwatocin da bola ta cike na cikin abin da kowa ya ambata.

A duniya baki ɗaya, binciken da Jenna Jambeck da abokan aikinta suka fitar a mujallar Science a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na roba ne suka shiga teku daga ƙasashe 192 a shekarar 2010 kaɗai.

Ɗinki

Sunan da aka fi sani a Akra shi ne Trashy Bags, wanda wani Baturen Ingila mai zanen gine-gine, Stuart Gold, ya kafa a 2007, da wurin aiki a unguwar Dzorwulu. Kamfanin na sayen ledar piya wata da ta askirim daga hannun masu tsinta, kuma adadin da ya ce ya sarrafa ya kai miliyoyi masu yawa. Daga baya ya haɗa da tsofaffin tamfol na allunan talla na bakin titi, wanda ya fi ledar kauri kuma launinsa ya fi ɗaukar ido.

Aikin kansa ba shi da wani sirri, wahala ce da haƙuri. Za a ware ledar kala-kala da kamfani-kamfani, a farka kowace da almakashi ta buɗe, a wanke da sabulu sau da yawa a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana, a miƙar da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sannan a jera su a ɗinke su zama shimfiɗa kamar yadi, akan ninka biyu ko fiye don ƙarfi, daga nan tela ya ɗora fatun ya yanka, ya sa shafi a ciki, ya sa zif da maɗauri. Inda gwanintar take shi ne tazarar allura, don leda ba atamfa ba ce, in ɗinkin ya yi ƙanana sosai ramukan allurar ne za su zama layin yagewa, kuma in an yi kuskure ba a warwarewa a sake, ramin ya riga ya zauna. Wanda ya iya ɗinkin jakar makaranta ko rufin kujerar mota ya fi saurin kama hannu a kan mai ɗinkin kaftani.

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta cin wuta sosai, keken ɗinki da baho da ruwa da rana sun isa, ko telan lungu a Sabon Zango zai iya. Akwai kuma mata da ƙungiyoyi da ke yanka baƙar leda siri-siri su kitsa ko su saƙa da ƙwarashi. Matsalar ita ce kasuwa. Masu saye galibi 'yan yawon buɗe ido ne da ƙungiyoyi masu taro da masu oda daga waje, don uwar da za ta saya wa ɗanta jakar makaranta in ta je kasuwar Makola ko Kantamanto ta ga ta gwanjo ko ta Caina da rahusa, da wuya ta biya fiye da haka a kan abin da take gani bola ce aka wanke. Wasu yaran ma kunyar ratayawa suke ji.

Narkarwa

Nan gora ake so. A cire marfi da takarda, a ware fara daga mai launi, inji ya niƙa ta ɓarza-ɓarza, a wanke da ruwan zafi, a busar, a narka a zafin da ya kai wajen digiri 260, a fitar da 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa, a sake narkawa a turo ta ƙananan ramuka ta fito zare. Zaren ake saƙawa a shafa masa abin hana ruwa shiga a ɗinka jakar goyo, wadda in ka gan ta ba za ka bambanta ta da sabuwa ba. Kamfanin Patagonia na Amurka ya fara yin rigar sanyi da gorar lemo tun 1993. Aquafil na Italiya ya fito da zaren Econyl a 2011 daga tsohon nailan har da komar masunta, Adidas ya haɗa kai da ƙungiyar kare teku ta Parley a 2015, sai Got Bag na birnin Mainz a Jamus da ke yin jakar goyo da robar da ake tarawa a tsibirin Java na Indunusiya.

A Gana abin da aka fi yi shi ne tarawa, dannewa da niƙawa, ɓarzajjen kuma a tura waje. Ledar piya wata da ba a ɗinka ba takan koma bokiti, baho ko baƙar leda, Nelplast na Nelson Boateng a yankin Ashaiman kuma na haɗa ta da yashi ya yi bulon daɓe.

Masu tsinta

Su ne tushen sana'ar kuma su ne suka fi samun kaɗan. Da yawa mata ne masu shekaru, da yara, da wasu kayaye, wato mata 'yan dako, in kasuwa ta yi sanyi, da masu aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ke kwasar bola gida-gida suna ware roba gefe. A kilo ake saye, kuma leda ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin sikeli ya nuna kilo ɗaya. Farashi na bin na ɗanyen mai, in sabuwar roba ta yi araha tsohuwa ta faɗi. Wurin biki, suna, tasha, da filin idi bayan an watse, nan ne ake samun mai tsabta wadda ba ta sha kwata ba.

Kumasi

Babu teku, amma rafin Subin da na Aboabo na ɗauke da nasu kason daga Kejetia da Asawase zuwa kudu. Akwai masana'antar ware bola da yin taki a Adagya.

Taƙaddama

Babbar ita ce kalmar "robar teku". Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna ba daga cikin ruwa aka ciro shi ba, a tudu aka tsince shi cikin tazarar kilomita 50 daga gaɓa, bisa hujjar cewa can ya nufa, kuma da wannan ma'aunin duk ledar Akra da Tema robar teku ce. Dalilin kuwa a fili yake: wadda ta daɗe a ruwa rana da gishiri sun cinye ta, ga yashi ga gansakuka, zarenta ba ya ƙarko, gorar PET ma in babu marfi nutsewa take yi don ta fi ruwa nauyi, ledar ce ke yawo a sama. A 2022 'yan jarida a Jamus sun ƙalubalanci iƙirarin Got Bag na cewa jakarsa ɗari bisa ɗari robar teku ce, kamfanin ya gyara lafazin tallarsa.

Wasu kuma na cewa gora gara ta koma gora, don ana iya juya ta sau da yawa, amma in ta zama jaka da zif da shafi da gam to tafiyarta ta ƙare. Masu yin jakar na cewa wadda suke tsinta ai ba mai neman ta.

Doka

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Gana ba ta haramta ba, an sha yin maganar amma batun ruwan sha da ayyukan yi na taka mata birki. A 2019 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga ƙawancen duniya kan bolar roba na GPAP, a 2020 kuma aka amince da manufar ƙasa kan sarrafa roba.

Kulawa

Jakar leda da tsumma mai laima ake goge ta, ba a sa mata dutsen guga, ba a ajiye ta kusa da murhu ko kurfoti, kuma in an bar ta a rana kullum rubutun jikinta ne ke fara koɗewa kafin ledar ta soma tsagewa ta wajen maɗauri.