Johann Sebastian Bach a Köthen, 1717 zuwa 1723

Johann Sebastian Bach makaɗi ne kuma mai tsara kiɗa ɗan Jamus, na zamanin da ake kira Barok. An haife shi a garin Eisenach a 1685. Mahaifiyarsa ta rasu a 1694, mahaifinsa ya bi ta a 1695, sai yayansa Johann Christoph ya ɗauki maraicinsa a Ohrdruf.

Zuwansa garin Köthen aiki ma da wahala ya fara. Da ya nemi barin aiki a Weimar, mai mulkin garin ya tsare shi daga 6 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 1717. Sabon ubangidansa a Köthen, Yarima Leopold, mabiyin ɗariƙar Kirista ta Kalbin ne, kuma cocinsu ba ta son kiɗa mai yawan ado. Wannan ya sa Bach ya karkata ga kiɗan cikin fada, na mutum ɗaya ko 'yan makaɗa kaɗan.

A 1720 ya raka Yariman zuwa Karlsbad. Ya bar matarsa Maria Barbara lafiya lau, ya dawo ya tarar an binne ta tun 7 ga Yuli, tana da shekara 35. Daga cikin 'ya'yansu bakwai, uku sun riga ta rasuwa suna jarirai.

Wannan shekarar ce ke rubuce a kan kundin da ya rubuta da hannunsa na kiɗa shida na biyolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, babu wani abin kiɗa da ke raka shi. A ƙarshen ɗaya daga cikinsu, mai suna Partita ta biyu, akwai wani sashe da ake kira Ciaccona, kusan minti 15, an gina ta kan ɗan gajeren zubi da ke ta dawowa cikin sabuwar kama. Mutum ɗaya ne tsaye da kayansa a kafaɗa, amma kunne na jin kamar muryoyi uku ko huɗu ne ke amsa wa juna. A tsakiya sautin yakan yi haske na ɗan lokaci kafin ya koma nauyinsa na farko. Masaniya Helga Thoene ta ce makokin Maria Barbara ne. Masana da dama ba su yarda ba.

A Disamba 1721 ya auri mawaƙiya Anna Magdalena. Rubutun Bach na kiɗa guda shida na celo, babban goge mai kaurin murya, ya ɓata, kwafin da ta yi da hannunta yana cikin waɗanda suka cece su. A 1723 iyalin suka koma Leipzig.