Me ƴan fisiyo suke yi wa bakwaini a kwalba?

Iyaye da yawa in suka ji an ce ƴan fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gashi da motsa jiki, za su duba jaririnsu da ke kwalba sai gabansu ya faɗi, wai ɗan abin da bai kai kilo 2 ba shi za a motsa wa jiki? To ku kwantar da hankalinku, ba murza shi ake yi ba.

Jaririn da ya zo kafin sati 37 bai samu zaman ƙarshen nan na ciki ba, lokacin da yake a dunƙule mahaifa ta matse shi yana shure-shure yana ƙara ƙarfi. Shi ya sa in aka ajiye shi sai ya baje, cinyoyi a buɗe kamar kwaɗo, kai ya karkata gefe ɗaya, kuma in ya yi makonni a haka kan yana iya lotsawa ta gefen, kafaɗu da ƙugu su saba. Sai a naɗe tawul a zagaye shi, a kawo hannayensa kusa da baki, ana sauya masa gefe.

Akwai kuma abokan aikinsu da suka fi mai da hankali kan tsotso da barci. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi baya samuwa sai wajen sati 32 zuwa 34, kafin nan ta roba ake ba shi nonon da kika tatsa, dan Allah kar ki matsa sai ya kama. Za su nuna miki alamun ya gaji, hamma, shaƙuwa, buɗe yatsu, kawar da kai. In kin ga haka ki tsaya. Shafa-shafa ma tana takura masa, ɗora tafin hannu ki bar shi a wurin ya fi.

Ni dai abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne rungumar kangaru, jariri a ƙirji fata da fata. A Bogota ta Kolombiya aka fara ta a 1978, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an haihu. Uba ma zai iya, ku daina tsayawa a bakin ƙofa.

Tawul ɗin nan fa na asibiti ne inda na'ura ke lura da numfashinsa. In an sallame ku a rigingine zai riƙa barci, ba filo ba tawul a gefensa, kuma ranar da aka ce ku dawo a duba shi ku dawo.