Asabar ɗin Asibiti

Asabar ɗin Asibiti wani tsarin tara kuɗi ne da leburori da ma'aikatan masana'antu na Birtaniya suka riƙa tallafa wa asibitoci da shi, tun daga shekarun 1870 har zuwa 1948 lokacin da gwamnati ta karɓe asibitocin ƙasar. Da farko rana ɗaya ce tak a shekara ake karɓar gudummawa, kuma aka zaɓi Asabar domin ita ce ranar biyan albashin mako. Daga baya abin ya koma cire kwabbai daga albashi duk mako, har ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da asibitocin sa-kai, wato waɗanda ba na gwamnati ba, ke samun kuɗin shiga. Masana tarihin kiwon lafiya suna ba tsarin muhimmanci ne saboda ya fara a matsayin sadaka, ya ƙare ya kusa zama inshora, kuma masu biyan kuɗin da masu karɓarsa ba su taɓa yin ittifaƙi a kan wanne ne daga cikin biyun ba.

Yadda asibitoci suke kafin tsarin

A ƙarni na 18 aka buɗe asibitoci da dama a Ingila waɗanda babu hannun gwamnati a cikinsu. Asibitin Westminster na 1719, da St George's na 1733, da Asibitin Landan na 1740 duk daga aljihun masu hali suka fito. Attajiri ko ɗan kasuwa yakan biya wani adadi duk shekara, a saka masa da ikon rubuta wa mara lafiya takardar shiga, wani lokaci har da ƙuri'a a hukumar gudanarwa. Talakan da ciwo ya kwantar sai ya nemi mai irin wannan takarda, ko ubangidansa ne ko limamin cocin unguwarsu, ya roƙa. In ba haɗari ne ya auku ba, da wuya a ba shi gado babu ita. Asibitoci da yawa ba sa karɓar mai cuta mai yaɗuwa, ko wanda ake ganin ba zai tashi ba, ko mace mai ciki. Irin waɗannan sai ɗakunan jinya na gidajen gajiyayyu, wuraren da mutane ke ƙyama saboda ƙasƙancin da ke tattare da shigarsu.

Manyan likitocin asibitocin sa-kai ba sa karɓar albashi. Shahara da ƙwarewa suke nema a wurin, kuɗinsu kuma suna samu ne daga masu arziki da suke dubawa a gidajensu.

Da birane suka cika da ma'aikata a ƙarni na 19, kuɗin attajirai ya daina isa. A 1859 aka fara Lahadin Asibiti a Birmingham, inda coci-coci suka ware tarin kuɗin Lahadi ɗaya a shekara don asibitocin birnin. Landan ta bi sahu a 1873, da ƙarfafawar James Wakley, editan mujallar likitanci ta The Lancet. To amma akasarin leburori ba masu zuwa coci ba ne sosai, kuma su ne suka fi cika gadajen.

Birmingham da Landan

Sunan da aka fi dangantawa da farkon tsarin shi ne Joseph Sampson Gamgee, likitan tiyata a Asibitin Queen's na Birmingham, wanda aka haifa a Italiya a 1828 ya rasu a 1886. A 1869 ya jagoranci tara kuɗi daga ma'aikata don faɗaɗa asibitin da yake aiki. Ganin yadda kwabban leburori suka taru suka zama gini, sai ya kawo shawarar a ware Asabar ɗaya a shekara, ma'aikata su yi ƙarin aiki bayan lokacin tashi, su ba asibitoci ladan. Karon farko a watan Maris na 1873 an tara fiye da fam 4,000, kuɗi mai kauri a lokacin da lebura ba ya wuce fam ɗaya da 'yan suloli a mako. Wannan Gamgee ɗin dai shi ne ya ƙirƙiro audugar ɗaure rauni da ake naɗewa cikin ƙyalle mai shara-shara, wadda har yau ake kira da sunansa.

A daidai wannan lokacin ne kuma aka kafa asusun Asabar ɗin Asibiti na Landan, bayan wani taro a dandalin Hyde Park wanda wani ɗan sarauta mai suna Reginald Brabazon ya kira. Liverpool da Leeds da sauran garuruwan masana'antu kowanne ya kafa nasa.

Ba a daɗe ba aka gane cewa rana ɗaya a shekara ba ta wadatarwa, kuma yawo da gwangwani a titi ba abin dogaro ba ne, domin ruwan sama kaɗai ya isa ya ɓata lissafin shekara. Sai aka koma karɓar kwabo ɗaya duk mako a cikin masana'anta. Kowane wurin aiki ya zaɓi mai karɓa, galibi ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya riƙe littafi, ya kai kuɗin ofishin asusu. Asusun Birmingham ya yi ƙarfi har ya buɗe gidan murmurewa na kansa kusa da Llandudno a gaɓar tekun Wales a 1892, inda ake kai ma'aikacin da aka sallama daga asibiti ya sha iska kafin ya koma bakin inji.

Sadaka ko haƙƙi

Nan ne gardamar ta taso. Attajirin da ke ba da gudummawa ba ya sa ran kwanciya a gadon asibitin, domin in ya yi ciwo likita ne zai zo masa gida. Lebura kuwa da kansa yake tunani, da matarsa da 'ya'yansa. Saboda haka ma'aikata suka fara tambayar abin da bai taɓa damun masu asibitin ba: tunda kuɗinmu ne, me ya sa sai mun nemi takardar wani kafin a duba mu, kuma me ya sa babu namu a teburin da ake yanke shawara?

Hukumomin asibitoci sun yi ta jan ƙafa, amma mai buƙata ba ya tsawaita fushi da mai ba shi. Sannu a hankali aka ware wa wakilan ma'aikata kujeru a hukumomin gudanarwa, aka ba asusun takardun shiga gwargwadon abin da ya kawo, kuma asibitoci da yawa suka soke tsohon tsarin takardar attajiri gaba ɗaya. A garuruwan haƙar kwal da narka ƙarfe, inda masu arziki ba su da yawa, akwai ƙananan asibitocin da kusan ma'aikata ne ke riƙe da su dungurungum.

A ɗaya ɓangaren, asibitocin suna zargin cewa masu iya biya na fakewa cikin talakawa suna shan magani kyauta. A 1895 Asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart aikin binciken halin marasa lafiya, ta tantance wanda ya cancanci kyauta da wanda zai ba da wani abu. Sauran asibitoci suka kwaikwaya. Zama gaban wannan jami'a ana ƙididdige wa magidanci albashinsa da kuɗin hayarsa da yawan bakunan da yake ciyarwa abu ne da mutane suka tsana, kuma tsira daga gare shi na cikin manyan dalilan da suka sa aka yi tururuwar shiga asusun. Dokar inshorar ƙasa ta 1911, wadda ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo, ba ta toshe wannan giɓi ba. Ta ba ma'aikaci damar ganin likitan unguwa, amma ba ta haɗa da kwanciya asibiti ba in ban da masu tarin fuka, kuma ba ta shafi matarsa da 'ya'yansa ba.

Kwabo a kowane fam

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar asibitocin sa-kai cikin bashi. Farashi ya tashi, haraji ya rage wa masu hali ƙarfi, aikin likita kuma ya ƙara tsada da zuwan na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ɗakunan gwaje-gwaje. Kwamitin da Lord Cave ya shugabanta a 1921 ya ba da shawarar gwamnati ta ba da fam miliyan 1 na agaji, ta ba da rabi. Sauran sai asibitoci su nema da kansu, kuma wurin ma'aikata suka nufa.

Tsarin da ya fi yin suna shi ne na Sheffield, birnin ƙarfe, wanda aka fara a 1921. Ma'aikaci yana yarda a cire masa kwabo ɗaya a kowane fam na albashinsa tun daga ofishin biya, mai kamfani kuma ya ƙara kashi ɗaya bisa uku na abin da ma'aikatansa suka bayar. A tsohon lissafin, wanda Nijeriya ma ta yi amfani da shi har 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, wato kwabo 240 ke nan a fam. Abin da ake cirewa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hikimar tsarin ita ce mai babban albashi yana biya fiye da mai ƙarami, amma gado ɗaya za su kwanta. Kuɗin yana shiga asusu guda a raba wa asibitocin sa-kai huɗu na birnin, cikinsu har da na mata da na yara. Yankin Liverpool ya ɗauki irin wannan tsari a 1927. A Landan kuwa ƙungiyar Hospital Saving Association, wadda aka kafa a 1922, taro take karɓa duk mako, ta ba mai biya takardar da zai nuna a asibiti a ƙyale shi da bincike. A 1930 irin waɗannan asusu suka haɗa ƙungiya ta ƙasa, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙiyasta masu biya sun kai wajen miliyan 10.

Duk da haka, a rubuce asusun ba ya yi wa kowa alkawarin gado. Likita ne ke yanke wanda za a kwantar, gwargwadon tsananin ciwo. Shugabannin asusu sun nace a kan kiran kuɗin gudummawa, ma'aikata kuma a zuciyarsu sun biya ne tun kafin ciwo ya zo. Likitoci ma sun shigo da nasu ƙorafin, cewa in dai majinyaci ya biya, babu dalilin da za su ci gaba da duba shi kyauta, har wasu asibitoci suka fara ware musu wani kaso.

Babban raunin tsarin shi ne ya dogara da aiki. Inda masana'antu suka rufe a farkon shekarun 1930, kamar kudancin Wales da arewa maso gabashin Ingila, kuɗin ya ja baya daidai lokacin da yunwa da cuta suka ƙaru. Gari mai arziki yana da gadaje da ƙwararrun likitoci, gari matalauci yana da dogon layi.

Zuwan hukumar lafiya ta ƙasa

Aneurin Bevan, ministan lafiya a gwamnatin jam'iyyar Leba da aka zaɓa a 1945, ya san irin wannan tsari tun yana yaro. A garinsu Tredegar akwai ƙungiyar taimakon jinya da ma'aikatan kwal da ƙarfe ke biya daga albashi, wadda ta kai ga kula da kusan duk mutanen garin. Amma bai ga dalilin barin asibitoci a hannun masu kyauta ba. A jawabinsa ga majalisa a 1946 ya ce abin ƙyama ne al'umma mai wayewa ta bar asibitocinta suna dogaro da sadaka, ya kuma ambaci yadda ransa ke ɓaci in ya ga ma'aikatan jinya a titi suna roƙon kuɗi maimakon suna bakin aikinsu. Ranar 5 ga Yuli 1948 hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta fara aiki, asibitocin suka koma na gwamnati, magani ya zama kyauta ga kowa daga kuɗin haraji. Wakilan ma'aikata sun rasa kujerun da suka yi shekaru suna nema, domin minista ne ke naɗa sababbin hukumomin.

Asusu da yawa sun rufe. Waɗanda suka rage sun sauya sana'a, suna biyan mambobinsu kuɗin tabarau da gyaran haƙori da 'yan kuɗin kashewa in an kwanta asibiti. BHSF na Birmingham, da Westfield Health na Sheffield, da Medicash na Liverpool duk daga wancan tushe suka fito.

A yau

Bayan 1948 an hana hukumomin asibiti neman gudummawa da kansu, sai ƙungiyoyin abokan asibiti suka riƙa sayen labule da rediyo da kujeru. Dokar 1980 ta ɗage hanin. A 1987 Asibitin Yara na Great Ormond Street ya ƙaddamar da gangamin sake gini wanda ya tara fam miliyan 54. A wannan shekarar ce kuma aka dawo da cire gudummawa daga albashi ta sabon salo: ana cire kuɗin kafin a lissafa haraji, don haka mai biyan harajin kashi 20 cikin ɗari in ya ba da fam 10, fam 8 ne ya fita daga aljihunsa. Ma'aikatan asibitoci da kansu suna cikin masu bayarwa, wasu ta hanyar barin canjin da ke saman albashinsu na wata ya tafi asusun asibitin da suke aiki. A 2020, lokacin annobar korona, tsohon soja Kyaftin Tom Moore ya yi niyyar tara fam 1,000 ta hanyar zagaya lambun gidansa sau 100 kafin ya cika shekara 100, aka ƙare da fiye da fam miliyan 32 ga ƙungiyar NHS Charities Together, wadda ta haɗa asusun gudummawa na asibitocin NHS.

Ƙa'idar da asusun asibitoci ke bi yanzu ita ce kuɗin kyauta na abin da ya ɗara wajibin gwamnati ne, kamar bincike, da ƙarin na'urori, da masaukin iyayen yaran da aka kwantar, da wurin hutawar ma'aikata. Iyakar ba ta fito fili ba kullum, musamman in na'urar da aka saya da gudummawa ta zama wadda sashen ba zai iya aiki babu ita ba. Rabon ma bai daidaita ba, domin kaso mafi tsoka yana zuwa ne ga tsofaffin asibitocin koyarwa na Landan, waɗanda dokar 1946 da ta kafa NHS ta bar musu kadarorin da aka yi musu kyauta tun da, da kuma asibitocin yara da na ciwon daji, yayin da asibitocin masu taɓin hankali da na ƙananan garuruwa ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.