Kafin a kai fam-akshan wurin mai walda: abin da Dokar Bindigogi ta tanada

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yammaci da kudancin Jihar Katsina, daga Jibiya, Batsari da Safana har zuwa Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, bindigar nan da ake kira fam-akshan ta samu shiga sosai a hirar majalisa. Ita ce wadda ake zuba wa harsasai da dama a lokaci guda, in an harba sai a ja mariƙin da ke ƙarƙashin bututunta baya a mayar gaba, kwanso ya fita, wani harsashin ya hau. Wanda ya saba da adaka, wadda sai an tsaya an ɗura ta baki bayan kowane harbi, dole ya ga bambanci.

Wanda ya samu irin wannan bindiga kuma da wuya ya bar ta yadda ta zo. Wani yana so a rage mata tsawo don ta ɓuya a cikin babbar riga ko a bayan babur. Wani yana so a cire gindin katakon a sa gajeren mariƙi. Wani tocila yake so a ɗaura mata saboda sintirin dare, wani kuma so yake a ƙara mata wurin cin harsashi. Hujjar kowa ɗaya ce: da kuɗina na saya, ina da takarda, me ya shafi hukuma da yadda na gyara abina? Doka ba ta kallon lamarin haka, kuma wasu daga cikin waɗannan gyare-gyare hukuncinsu ya kai na wanda aka kama da bindigar soja.

Dokar da ake magana a kai ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na F28. Ta tarayya ce, domin kundin tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makamai su kare kansu, a watan Agustan 2021, maganarsa ba ta canza ko harafi ɗaya a dokar ba. Haka aka yi a Zamfara a watan Yunin 2022, da gwamnatin jihar ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Mutum na iya jin cewa gwamnonin sun fi Abuja sanin halin da talakawansu ke ciki, ni ma ina ganin haka, amma alƙali ba da jawabin gwamna yake yanke hukunci ba.

Jadawalin da ke ƙarshen dokar ya kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: manyan bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, bindigogin soja, bama-bamai da gurneti, da ƙananan bindigogin hannu kowane iri, ban da na iska. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu da bindigar iska. Kashi na uku bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha, bayan ya tuntuɓi gwamna, zai iya hana riƙe su ba lasisi a duk jihar ko a wani yanki nata.

To ina fam-akshan ta faɗa? Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ganin cewa harsashinta iri ɗaya ne da na mai baki biyu, sai a ɗauka tana kashi na biyu. Amma da dokar ta ambaci bindigogin farauta a kashi na biyu, sai ta toge iri biyu: masu sarrafa kansu, gaba ɗaya ko rabi, da kuma duk wadda aka yi wa wata na'urar sake ɗora harsashi, ko wace iri ce. Wancan mariƙin da ake ja baya a mayar gaba, wanda saboda shi ake son bindigar, shi ne ainihin na'urar da aka toge. Sannan layin ƙarshe na kashi na farko ya ce duk bindigar da ba ta cikin kashi na biyu ko na uku, haramtacciya ce. Ke nan bisa lafazin doka, fam-akshan tana aji ɗaya da bindigar soja, lasisinta na Shugaban Ƙasa ne, kuma sashe na 27 ya yanka wa wanda ya riƙe ta ba wannan lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Gaskiya ne an shafe shekaru ana ganin mutane da takardun 'yan sanda a kan irin wannan bindiga, kuma wannan ne ya jawo ruɗanin. Sai dai rundunar da kanta ta nuna inda ta tsaya a watan Fabrairun 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a karɓe haramtattun makamai daga hannun jama'a da ƙungiyoyin banga, ya kuma lissafa fam-akshan a cikinsu. Shekarar da ta gabaci wannan ce jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas a watan Janairu, sannan wasu 1,100 da aka taso da su daga Turkiyya a watan Satumba. A watan Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Don haka wanda ke riƙe da tsohuwar takarda, kafin ma ya yi tunanin kwalliya, abin da ya kamata ya fara nuna wa lauya ke nan: wa ya sa hannu a kanta, kuma wace bindiga ta ambata.

A ɗauka takardar ba ta da matsala. Ko a hakan, lasisi izinin riƙewa ne kawai. Sashe na 22 ya hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko harhaɗa su, ko gyara su, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko a masana'antar da aka kafa don sojoji da amincewar Shugaban Ƙasa, irin wadda ke Kaduna tun 1964. Ƙofofin da aka bari a buɗe ƙanana ne: Sufeto Janar na iya ba wani izinin gyaran bindigogin kashi na biyu, dillalin makamai mai rajista na iya yin gyara bisa sharuɗɗan da aka gindaya masa, sannan ana iya ba maƙeri izinin ƙera adaka da gyaranta, da yardar gwamna. Wanda ya saɓa wa sashe na 22, shi ma mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10 ne.

A lura da kalmomin nan uku, ƙira da harhaɗawa da gyara. Dokar ba ta ce sai wanda ya ƙera bindiga sukutum ba. A sashe na 2, inda ta fayyace abin da take nufi da bindiga, ta haɗa har da kowane ɓangare na jikinta. Bututu shi kaɗai bindiga ne a idon doka, haka kunama, haka bututun da harsasai ke kwanciya a ciki. Saboda haka mai waldan da aka kawo wa aikin ƙara tsawon ma'ajiyar harsashi, ko maƙerin da aka ce ya sassaƙa sabuwar kunama ya sa, ɓangaren bindiga ya ƙera kuma ya harhaɗa, ko da aikin bai fi na rabin sa'a ba, ko da bai karɓi ko sisi ba. Wannan ne abin da ya fi damuna a lamarin. Mai bindiga yakan san yana taka wata doka, ko bai san sashenta ba. Yaron shagon walda kuwa yana iya ɗaukar aikin kamar gyaran ƙofa ko salansar babur, alhali shi ne sashe na 22 ya fara kamawa. Mai bindigar ma ba ya tsira, domin ana iya tuhumarsa da haɗa baki ko sa wani aikata laifi.

Rage tsawo kuwa sashe guda aka ware masa. Sashe na 26 ya hana yanke bututun bindiga mai sulɓin ciki, wato irin wanda ba a yi wa zanen murɗiya ba, ya koma ƙasa da inci 20, kimanin santimita 51. Ana aunawa ne daga baki zuwa daidai inda harsashi ke tashi. Hanin bai tsaya kan mai yankewa ba, ya haɗa da duk wanda aka samu da bindigar da aka yanke haka, ko da a yanke ya saye ta, ko aro aka ba shi. Hukuncin ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 5. Dalilin a fili yake: doguwar bindiga ana hango ta daga nesa, gajeriya kuwa tana shiga kasuwa ko motar haya ba wanda ya sani. Wannan sashen ya shafi mai baki biyu mai cikakken lasisi kamar yadda ya shafi fam-akshan.

Akwai kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Sashe na 12 ya hana canza sunan kamfani ko lamba, ko shafe su yadda ba za su karantu ba, sai da rubutaccen izinin Sufeto Janar. Masu goge tsatsa da injin gurza ƙarfe su sake fenti su kan ci lambar ba da niyya ba. Hukuncin wannan ya fi sauƙi, tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun (adadin tarar kaɗai ya isa ya nuna tsufan dokar). Amma ɓarnar ta wuce tara, domin lambar ce ke haɗa bindiga da lasisinta. In ta goge, da me mai ita zai nuna cewa wannan ce aka rubuta a takardarsa?

Maratayi na fata, ɗamarar harsashi, jakar da dukawa ke ɗinkawa, ko tocilar da aka ɗaure da roba, dokar ba ta lissafa su ba, kuma ba da su bindiga ke tashi ba. Iyakar tana inda aka fara huda ƙarfe, ko yanka shi, ko yi masa walda, ko musanya wani abu na jikin bindigar. Harsashi ma yana da nasa sashe, na 8, wanda ya hana riƙe shi ba izini, kuma ma'anarsa a dokar ta haɗa da ɓangarorinsa. Masu tara kwanson da aka harba su sake cika shi a gida sun shiga ƙirar harsashi, sun koma sashe na 22.

Mafarauta da 'yan sa-kai su ma su lura da wani abu game da ƙirar gida. Kashi na uku ya tsaya ne kan wadda ake ɗurawa ta baki. Da zarar maƙeri ya yi wadda ake karyawa a sa mata harsashin kwanso ta baya, ta fita daga sahun adaka, izinin ƙera adaka kuma bai rufe ta ba. In ƙaramar ta hannu ce, ko da ta toka ce, kai tsaye tana kashi na farko.

Sau da yawa akan kawo hujjar kare kai. Haƙƙi ne tabbatacce, sashe na 33 na tsarin mulki ya amince da shi, dokar finalkod, wato dokar hukunta laifuffuka, ma haka. Sai dai tambayoyi biyu ne mabambanta a kotu: ko harbin da ka yi kare kai ne, da kuma ko bindigar da ka yi harbin da ita halattacciya ce a hannunka. Ana iya wanke mutum a ta farko a ɗaure shi a ta biyu. Masu gabatar da ƙara kuma suna da wata doka a hannu, ta fashi da makami wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, inda sashe na 3 ya tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda ya riƙe bindiga saɓanin Dokar Bindigogi. Ita ma ta ce ko a haɗe bindigar take ko a warwatse, duk ɗaya ne.

Ba na musun cewa dokar da aka rubuta kafin samun 'yancin kai, lokacin da babbar damuwa ita ce mafarauta da 'yan fashin ƙauye, ba ta hango dajin Rugu na yau ba. Gwamnatin Jihar Katsina ta nemi mafita ta wata hanya da ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, don matasan da ke son kare garuruwansu su yi hakan a cikin tsari, da horo da rajista. Tarayya kuma a 2024 ta yi sabuwar doka kan taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ƙarfin doka. Alƙiblar gaba ɗaya ta ƙara matsewa ce, musamman a jiha irin tamu mai iyaka da Nijar ta Magama da Kwangwalam, inda fataucin makamai ke cikin abubuwan da jami'an tsaro suka fi sa wa ido.

Saura batun gado, wanda yake yawan tasowa a gidajen mafarauta da tsofaffin ma'aikata. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba ya shiga rabon gado. In mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wanda kayan mamacin ke hannunsa kwana 14 kacal ya riƙe bindigar. Bayan nan sai dai a miƙa ta ga 'yan sanda a ajiye, ko magajin ya samu nasa lasisin. Samun lasisin kuma ba dole ba ne ko ga wanda ya cika sharuɗɗa, domin sashe na 6 ya bar wa hukuma zaɓi. Ya kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin da ya shafi tashin hankali ko barazanarsa a cikin shekara 5 da suka wuce.