Ma'anar yaye a duniyar buɗaɗɗun manhajoji

A wajen masu rubuta buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da damar ganin yadda aka rubuta su har ya gyara, yaye shi ne ƙaramin aiki ya fita daga ƙarƙashin babban aikin da ya raine shi, ya ci gashin kansa da yardar uwar ƙungiya. Ma'anar ta yi kusa da abin da muka sani a kasuwa, inda maigida kan sallami yaron shagonsa idan ya ga ya ƙware.

Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana cikin ƙungiyoyin kula da buɗaɗɗun manhajoji da suka tsara wannan al'amari sosai. Hadoop, manhajar sarrafa ɗimbin bayanai, ta fara ne a 2006 a matsayin reshe a ƙarƙashin Lucene, wata manhajar binciken rubutu ta gidauniyar, aka yaye ta a watan Janairun 2008. Ita ma ba ta daɗe ba ta yaye nata 'ya'yan, domin a 2010 HBase da Hive da Pig da ZooKeeper duk sun tsaya da ƙafafunsu.

Abin da ke sauyawa a ranar yaye shi ne wanda alhaki ya rataya a wuyansa, ita kuwa manhajar tana nan yadda take. Hukumar gudanarwar gidauniyar takan zartar da ƙuduri, ta kafa wa aikin kwamitinsa, ta naɗa shugaban da zai riƙa kawo mata rahoto, da farko duk wata, daga baya kuma duk bayan wata uku. Daga nan kwamitin ne ke zaɓen waɗanda za a ba ikon taɓa manhajar, shi ne kuma ke amincewa da kowane sabon fitarwa, wanda ba ya halatta sai aƙalla mambobi uku sun kaɗa masa ƙuri'ar amincewa. A ganina nan ne hikimar tsarin take, domin idan rassa suka yi yawa a ƙarƙashin kwamiti ɗaya, sai a tarar mutane suna sa hannu a kan aikin da ba su taɓa buɗewa ba. Wannan matsala ta bayyana a wani aikin gidauniyar mai suna Jakarta, inuwar da ta tara manhajoji da dama da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java, har rassanta irin su Ant da Tomcat suka fice ɗaya bayan ɗaya, aka rufe ta a 2011.

Ya kamata a bambanta yaye da ɓallewa. A 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai manhajar ayyukan ofis ta OpenOffice, wasu masu aikin OpenOffice sun kwafi manhajar suka kafa LibreOffice ba tare da jiran izinin kowa ba, domin lasisin ya ba su wannan dama, amma dole suka nemi sabon suna da sabuwar gidauniya. Wanda aka yaye kuwa yakan tafi da sunansa da tarihin aikinsa da mutanensa, yana kuma ci gaba da zama a cikin gidauniyar da ta raine shi.